Shayin Rage Tumbi, Kafso, Allura Ko Gyaran Tukunya: Ina Ya Kamata Kuɗinku Su Tafi?

Jama'a duk mai hawa Instagram ko TikTok ko duba status na WhatsApp yasan ba'a minti biyar ba'a ci karo da tallan abun rage ƙiba ba, wannan shayin ditoks ne na kwana 14 wai yana wanke dattin ciki, wancan kafso ne wai daga Amurka aka shigo dashi, ga allurar nan Ozempic da ake ta zancenta, can gefe kuma ga likita yana cewa a rage ci a dinga tafiya a ƙasa, wanda kusan babu mai son jin wannan. Shayin da kafson da allurar duk daga ƙasashen masu kuɗi suka taso, kuma su can sun riga mu gwadawa da shekaru masu yawa, sun zuba biliyoyin daloli, wasu sun rasa hanta wasu ƙoda wasu ma ransu. Dan haka kafin ki tura kuɗinki akawun ɗin mai talla 'yar uwa, ko kai ɗan uwa mai fama da teɓa, gara mu duba yanda abun ya kaya a wurinsu.

Ma'aunin da suke amfani dashi shine BMI, ka ɗauki nauyinka a kilo ka raba da tsawonka a mita, abinda ya fito ka sake rabawa da tsawon. In ya kai 25 nauyi yayi yawa, in ya kai 30 an shiga ƙibar da likitoci ke lissafawa a matsayin cuta. Mace mai tsawon mita 1.65 in ta kai kilo 82 ta shiga 30 kenan. To da wannan ma'aunin, a Amurka kusan kashi 40 cikin 100 na manya suna ciki, wato cikin mutum biyar biyu. Ostireliya wajen kashi 30, Ingila sama da kashi 25, Kuwait da Katar sun haura mutum ɗaya cikin uku. Faransa kashi 17 a binciken 2020, Italiya ƙasa da haka, Koriya ta Kudu bata kai 10 ba, Japan kuwa wajen kashi 4 zuwa 5 ne kacal. Dukkansu ƙasashe ne masu arziki, abinci ya wadata, manyan kantuna cike, amma tsakanin Japan da Amurka ninki takwas ne ko fiye.

Abinda ya fi tsaya min a rai shine tarihin Amurka. A 1994 majalisarsu tayi wata doka da ake kira DSHEA wadda ta bawa kamfanoni damar sayar da ƙwayoyin safliment, wato ƙwayoyin ƙarin abinci irin su bitamin da na ganye, ba tare da sun fara nunawa FDA, hukumarsu mai kula da abinci da magunguna, cewa abun yana aiki ba, ita hukumar sai bayan kaya sun shiga kasuwa an ga suna cutarwa sannan take da ikon bi ta cire. A lokacin kayan da ke kasuwa kusan kala 4,000 ne, kasuwar kuma ta dala biliyan 4. Zuwa 2019 FDA da kanta tace sun haura kala 50,000 kuma kasuwar ta wuce dala biliyan 40, sama da rabin manyan Amurkawa suna shan wani abu a ciki. A tsakanin nan masu ƙiba sun tashi daga wajen kashi 23 zuwa sama da 40. Ban ce ƙwayoyin ne suka jawo ƙibar ba, amma wallahi da suna rage ta da yanzu an gani a jikin mutanen da suka fi kowa saye.

Bari in fara da shayin tunda shi yafi yawo a wayoyinmu. Galibi kwalin yana zuwa da kala biyu, na safe da na dare, na kwana 14 ko 28. In kin juya bayansa kin karanta, na safen akwai koren shayi ko wasu ganyaye masu kafin, irin sinadarin da ke cikin kofi, yana sa fitsari da ɗan kashe yunwa na awanni. Na daren kuma kusan kullum zaki ga senna a ciki, wanda dangin filaskon nan ne da iyayenmu suka sani tun da can a matsayin maganin wankin ciki. Ana sha da dare, bayan awa shida zuwa goma sha biyu ciki ya fara murɗawa, kafin asuba an shiga bayi sau biyu sau uku, da safe a hau sikeli aga kilo ɗaya ya tafi, ciki ya lafe, mutum yaji daɗi ya ɗau hoto ya turawa mai shayin ita kuma ta saka a status. Amma shi senna a babban hanji yake aiki, kafin abinci ya isa can ƙaramin hanji ya riga ya tsotse kusan duk kalorin da ke ciki, wato kuzarin abincin da jiki ke adanawa ya zama kitse, abinda ya fita ruwa ne da kashi da gishirin jiki. Ga kuma wani dalilin, duk wanda ya rage cin abinci farat ɗaya jikinsa yana fara cinye sugan da ya adana a hanta da tsoka, wajen rabin kilo ne, kuma ko wane gram ɗinsa yana riƙe da ruwa kusan gram uku, shi yasa kilo biyun farko suke zubewa da sauri a satin farko kuma suke dawowa da sauri da zarar an koma cin tuwo. Kamar buhun ɗanyar masara ne da aka shanya, nauyi ya ragu amma ko ƙwaya ɗaya bata fita ba. Kilo ɗaya na kitse na gaske kalori wajen 7,700 ne, kusan abincin kwana uku ko huɗu na babban mutum, ba abu bane da zai bi masai a dare ɗaya.

Shi kuma dattin da ake cewa ana wankewa fa? A 2009 wata ƙungiya a Birtaniya mai suna Sense about Science ta sa matasan masu bincike suka tuntuɓi masu yin kayan ditoks kala 15 suna tambayarsu hujja, aka rasa wanda ya kawo gamsasshiyar shaida, ko akan abinda suke nufi da dattin ma bakinsu bai zo ɗaya ba. A 2015 kuma wasu masu bincike biyu a Ostireliya, Klein da Kiat, suka tattara duk abinda aka taɓa wallafawa akai suka tarar babu wani gwaji ingantacce ko ɗaya da aka yi akan tsarin ditoks na kasuwa. Allah ya riga ya sa mana hanta da ƙoda suna wannan aikin dare da rana, ƙoda kaɗai tana tace ruwa kusan lita 180 a yini, in kuma suka gaza to maganar asibiti ce da wankin ƙoda, ba ganye a kofi ba. Illar shayin kuma bata tsaya a asarar kuɗi ba, yawan gudawa yana zubar da sinadarin potasiyam wanda zuciya ke buƙata wajen bugawa daidai, mai shan ƙwayar tazarar haihuwa gudawar na iya sa ƙwayar ta kasa aiki, kuma wanda ya daɗe akan senna hanjinsa na iya sabawa har ya zama baya iya bahaya sai ya sha. A 2020 hukumar FTC ta Amurka mai kare haƙƙin masu saye ta maka kamfanin shayi na Teami a kotu saboda iƙirarin da ba hujja da kuma biyan fitattun mutane suna talla ba tare da sun bayyana a fili cewa biyansu akayi ba, aka yanke hukuncin dala miliyan 15.2, suka biya miliyan 1. Nidai a wajena wannan zaɓin shine na ƙarshe a layi, ban ga wanda zan ce ya saya ba.

Kafson rage ƙiba yafi shayin haɗari nesa ba kusa ba, dan shi shayi aƙalla kasan gudawa zai saka. Su kala biyu ne. Akwai waɗanda basa komai, irin su garcinia cambogia da aka yi ta yayi, tun 1998 aka gwada shi akan mutum 135 na sati 12 aka wallafa a mujallar JAMA, waɗanda suka sha da waɗanda aka bawa ƙwayar bogi babu wani bambanci a tsakaninsu. Haka koren kofi da wani shahararren likitan Amurka Dr Oz ya tallata a talabijin har 'yan majalisar dattawan Amurka suka kirashi suka titsiye shi a 2014, a shekarar ne ma aka janye binciken da aka dogara dashi. Sai kuma waɗanda suke aiki da gaske, kuma sune abun tsoro, sabida in kaga kafso yana kashe yunwa ƙurmus yana sa zufa da bugun zuciya da rashin bacci to akwai yiwuwar magani ne mai ƙarfi aka ɓoye a ciki. Wani bincike na 2018 ya duba gargaɗin da FDA ta fitar daga 2007 zuwa 2016, kaya 776 aka kama da ɓoyayyen magani, cikin na rage ƙiba kusan kashi 85 sibutramine ne a ciki, maganin da Turai da Amurka suka cire daga kasuwa a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Kuma a jikin robar an rubuta ganye ne zalla.

Tarihin ma cike yake. Ephedra sai da ta yi sanadin mutuwar mutane, ciki har da Steve Bechler ɗan wasan besbol mai shekara 23 a 2003, kafin a haramta ta a 2004. Hydroxycut an janye shi a 2009 saboda lalata hanta. OxyElite Pro a 2013 ya kwantar da mutane da dama musamman a Hawai, an yiwa wasu dashen hanta, an rasa rai. A Birtaniya akwai wata hoda ruwan ɗorawa, DNP, da matasa ke saya ta intanet, tana sa zafin jiki ya hau har ya kashe mutum kuma babu makarinta, a 2023 aka saka ta a jerin guba. Wani lissafi da aka wallafa a 2015 ya nuna duk shekara kusan sau 23,000 ake garzayawa da mutane ɗakin gaggawa a Amurka saboda safliment, kuma na rage ƙiba da ƙara kuzari suna kan gaba musamman tsakanin matasa. Ko koren shayi da muke sha lafiya lau, in aka matse shi aka cusa a kafso ya kai miligram 800 na sinadarinsa a rana, hukumar abinci ta Turai tace a 2018 yana iya taɓa hanta. Kuma kar a ɗauka matsalar Amurka ce kaɗai, a Maris na 2024 kamfanin Kobayashi a Japan ya janye kafsonsa na jar shinkafa da ake sha dan rage kolestarol bayan ɗaruruwa sun kwanta asibiti da ciwon ƙoda, har da rahoton mace-mace. In haka ta faru a ƙasashen da ke da dakunan gwaji da kotunan da ke aiki, ya kuke gani da robar da aka cirowa mutum daga jaka babu adireshin kamfani? Ko lambar NAFDAC da ake nunawa, akan kayan ganye galibi rijistar wucin gadi ce mai harafin L, kuma in ka duba da kyau a jiki an rubuta cewa hukumar bata tantance iƙirarin maganin ba.

Anan dole in tsaya in faɗi wani abu da yake damuna, dan mu namu ɓangare biyu ne, yayin da wata ke shan kafso ta rame wata kuma tana kemis tana sayen sha-ka-fashe ta yi ƙiba kafin biki, wanda yawanci dexamethasone ne ko cyproheptadine, shi na farkon kumburi yake sawa da hawan jini da ciwon suga da raunin ƙashi. Dan Allah 'yan uwa mata a bari.

Kar kuma a fahimce ni cewa duk safliment banza ne, a'a. Mai ciki ko mai shirin ɗauka tana buƙatar folik asid maikrogram 400 a rana, mai ƙarancin jini tana buƙatar ayon wato sinadarin ƙarfe, wanda ya daɗe akan maganin ciwon suga na metformin ana duba masa bitamin B12, 'yan uwanmu mazauna Ingila kuma hukumar lafiyarsu ta NHS tana bada shawarar bitamin D maikrogram 10 lokacin sanyi, baƙar fata ma duk shekara sabida ranar can bata ishe mu ba. Waɗannan cike giɓi suke, kuma araha ne, amma babu ɗaya a cikinsu da yake narkar da teɓa.

To su Japanawan me suke yi? Wasu zasu ce ai halittarsu ce, akwai ɗan ƙamshin gaskiya, amma an bi Japanawan da suka yi ƙaura zuwa Hawai da Kalifoniya shekaru da dama aka tarar sun fi 'yan uwansu na gida nauyi da ciwon zuciya, jini ɗaya ne abinci da zama suka canza. Ku leƙa ajin firamare a can da tsakar rana. Yara 'yan shekara bakwai takwas waɗanda ranar aikinsu ce sun saka farin gaban riga da hula da takunkumi, sun turo tukwane daga kicin, suna zubawa 'yan ajinsu shinkafa a ƙaramin kwano, miya a wani kwanon, yankan kifi, ganye, da kwalin madara, malami ya zauna yaci irin abinda suke ci, a gama su kwashe kwanuka su goge tebur. Akwai dokar abincin makaranta tun 1954, a 2005 suka ƙara wata ta koyar da ilimin abinci, a 2008 kuma suka fara auna ƙugun duk ɗan shekara 40 zuwa 74 a duba lafiyar shekara, namiji in ya kai santimita 85 mace 90 sai a ƙara bincike a haɗashi da mai bada shawara. Su a wajensu ma daga BMI 25 ake fara cewa mutum yana da ƙiba. Sannan jirgin ƙasa suke hawa, dole ka taka zuwa tasha ka hau matakala ka sauka ka sake takawa, wani binciken jami'ar Stanford na 2017 da ya ƙirga taku ta wayoyin mutane ya samu Japan wajen taku 6,000 a rana, Amurka wajen 4,800, Saudiyya wajen 3,800. Ƙasashen Larabawan nan darasi ne gare mu sosai, daga gida mai AC zuwa mota zuwa ofis zuwa wajen cin kaza da lemo, irin rayuwar da duk wanda Allah ya buɗawa a Kano ko Abuja ko Yamai yake faɗawa ciki ba tare da ya lura ba. Su Japanawa suna da al'adar tashi daga kan abinci kafin ciki ya cika, mu ma ai an koya mana a raba ciki uku, abinci da ruwa da numfashi.

Faransa ta cire injinan sayar da lemo da alawa daga makarantu a 2005, ta hana tsarin sha-iya-shanka na lemo a gidajen abinci a 2017, kuma Bafaranshe yana ɗaukar sama da awa biyu a rana a zaune yana cin abinci yayin da Ba'amurke ke ɗaukar wajen awa ɗaya, dukda haka suma tasu ƙibar ta ninka daga 1997 zuwa 2020. Birtaniya ta sa harajin suga akan lemo a 2018, kamfanoni suka rage sugan da sama da kashi 40. Ba wanda ya raba shayi a cikinsu.

Gwajin da yafi gamsar dani shine na Kevin Hall a cibiyar binciken lafiya ta Amurka NIH a 2019. Mutum 20 aka ajiye a asibiti wata guda, sati biyu ana basu abincin kamfani irin na leda da gwangwani, sati biyu kuma girki daga ɗanyen kaya, an daidaita suga da mai da kalorin da ake ajiye musu a gaba, akace kowa yaci iya cinsa. A satin abincin leda sai gashi suna cin ƙarin kalori kusan 500 a rana ba tare da sun sani ba, suka ƙara kusan kilo ɗaya, a satin girki suka sauke kusan kilo ɗaya. A Amurka da Birtaniya fiye da rabin kalorin da mutane ke ci daga irin wannan abincin yake fitowa, kuma a can talaka yafi mai kuɗi ƙiba, a Ingila yaran unguwannin talakawa sun ninka na unguwannin masu hali.

Wannan shine zaɓi na uku, gyaran tukunya da motsa jiki, kuma shi yake da hujja mafi daɗewa. A gwajin DPP na Amurka da aka wallafa a 2002, mutum sama da 3,000 da ke dab da kamuwa da ciwon suga, waɗanda aka ɗorawa rage kashi 7 na nauyinsu da tafiyar minti 150 a sati haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58, waɗanda aka bawa metformin kashi 31. Kashi 7 ɗin nan ga mai kilo 90 kilo shida ne da ɗan ɗori kawai fa. A Birtaniya gwajin DiRECT ya nuna kashi 46 na masu ciwon suga da aka sa a tsarin rage ci mai tsanani ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya sugansu ya koma daidai ba magani bayan shekara guda. A gidajenmu ma'anar wannan a bayyane take, gwangwanin lemo na 33cl ɗaya suga kusan gram 35 ne alhali WHO tace kar a wuce wajen gram 50 a yini gaba ɗaya, in an samu 25 yafi, to ga shayin safe mai cokali uku da madarar gwangwani, ga zoɓo da kunun aya da aka zubawa suga kamar ba gobe. Malmala biyu ta koma ɗaya, miya da ganye su ƙaru, kwaɗon zogale da rama da wake da ƙwai da kifi su samu wuri, mai a auna shi da cokali maimakon a tuttula daga galan, Indomie da burodi da cincin su zama na jefi-jefi, bayan asuba ko bayan la'asar a taka na rabin awa. Mai azumin Litinin da Alhamis ma zai taimaka masa in bai rama da buɗa baki ba, dan gwaje-gwaje sun nuna tsarin ƙayyade lokacin ci daidai yake da rage ci na yau da kullum, bai fishi ba.

Amma bazan ɓoye raunin wannan hanyar ba. Tana da jinkiri, rabin kilo a sati ne in an dage, kuma jiki yana faɗa da kai, in ka rame yunwa tana ƙaruwa kuma abinda jiki ke ƙonawa yana raguwa, shi yasa da yawa suke sauke kashi 5 zuwa 10 sannan wani ɓangare ya dawo cikin shekaru. Duk mai cewa masu ƙiba ragwaye ne bai san abinda yake faɗa ba. Akwai gado, akwai haihuwa, akwai magunguna, akwai matsalar maƙoshi da ta PCOS mai rikita sinadaran haihuwa na mace, akwai matar da ko fita tafiya ba'a barinta.

Wannan raunin ne ya buɗewa allura ƙofa, kuma ita gaskiya tana aiki, ba ajinsu ɗaya da shayi ba ko kaɗan. Semaglutide na kamfanin Novo Nordisk na Denmak, wanda ake sayarwa da sunan Ozempic ga masu ciwon suga da Wegovy ga masu ƙiba, yana kwaikwayon wani sinadarin hanji da ke gayawa ƙwaƙwalwa an ƙoshi, sau ɗaya ake yi a sati. A gwajin 2021 akan mutum kusan 2,000, cikin sati 68 sun sauke kusan kashi 15 na nauyinsu, masu allurar bogi kashi 2 da ɗan abu. Tirzepatide na Eli Lilly, wato Mounjaro ko Zepbound, ya kai wajen kashi 20. Wani gwajin na 2023 ma ya nuna semaglutide ya rage bugun zuciya da shanyewar jiki da kashi 20 ga masu ƙiba da ke da ciwon zuciya. Sai dai da aka bi waɗanda suka daina, cikin shekara ɗaya kashi biyu cikin uku na abinda suka sauke ya dawo, ma'ana magani ne na dogon zango irin na hawan jini, to ka tambayi aljihunka ko zai jure shekara da shekaru, a Amurka farashin Wegovy na farko ya haura dala 1,300 a wata dukda ya fara sauka. Ga tashin zuciya da amai da taurin bayan gida, ga tsakuwar matsarmama, ga tsoka da take zubewa tare da kitsen in ba'a cin furotin ana motsa jiki, mai ciki bata yi, wanda ke da wani nau'in kansar maƙoshi a danginsu baya yi. Allurar tana son firji kafin a buɗe, bayan an buɗe ma kar zafi ya wuce digiri 30, ku tuna watan Afrilu a Sakkwato ko Maraɗi ba wuta. Ga jabu, a 2023 an kwantar da mutane a Ostiriya bayan sun yi allurar Ozempic ta bogi da ake zargin insulin ce a ciki, a Yunin 2024 WHO ta fitar da gargaɗi bayan an kama jabun a Birazil da Birtaniya da Amurka. Wadda aka saya a hannun mai talla a Instagram ba takardar likita, ni bazan bari a tsirawa ɗan uwana ba. Tiyatar rage tumbin ciki kuma tafi duka sauke nauyi, wajen kashi 25 zuwa 30, amma ta masu ƙiba mai tsanani ce kuma sai an bibiyi mutum da bitamin har ƙarshen rayuwa.

In ni za'a tambaya, wadda tumbin haihuwa ne ke damunta ko wanda kilo biyar zuwa goma yake son saukewa, kuɗin shayin nan ya sayi sikeli da takalmin tafiya da kayan miya, ya ari tef ɗin tela ya auna ƙugunsa daidai saman cibiya, ƙa'idar da hukumar NICE ta Ingila ta bayar itace kar ƙugu ya kai rabin tsawonka, mai santimita 170 kar ya kai 85, kuma sun ce mu baƙar fata haɗarin ciwon suga yana fara mana da wuri dan haka daga BMI 27.5 ake lissafa mu cikin masu ƙiba. Wanda kuma BMI ɗinsa ya haura 30, ko 27 tare da suga ko hawan jini, gwiwa na ciwo numfashi na sarƙewa cikin bacci, ya gyara ci wata shida abu yaƙi, to shi maganarsa da likita ce, a auna suga da jini da hanta da ƙoda, in allura ta dace kuma da halin ɗorewa a yi ta hanyar famasi mai rijista, tare da gyaran abincin ba a madadinsa ba.

Wadda kuma ta riga ta saya tana kan sha yanzu haka, ki dakata dashi, musamman in kina da ciki ko shayarwa ko kina shan maganin suga, hawan jini ko na zuciya. In kinga idonki ya fara yin ruwan ɗorawa, fitsari yayi duhu kamar shayi, jiki na ƙaiƙayi, gefen dama na ciki ƙasan haƙarƙari na ciwo, ko zuciya na bugawa da sauri da jiri da zufa ba dalili, kar ki jira gobe kuma kar ki tambayi wadda ta sayar miki, ki tafi asibiti ki tafi da kwalin ko robar a hannu ki nunawa likita, ki faɗa masa tun yaushe kika fara da guda nawa kike sha a rana, dan da yawa suna jin kunyar faɗa sai a ɓata kwanaki ana neman taifod da maleriya alhali hanta ce ke ciwo.